Tsofaffin da suka mayar da mota gida: yadda harkar yawon bayan ritaya take

Akwai wani ɗan gari a jihar Arizona ta Amurka sunansa Quartzsite, mazaunansa ba su kai mutum 3,000 ba, in ka je da bazara ba abin da za ka tarar sai rana da duwatsu da iska mai ƙona fuska. Amma bari watan Janairu ya kama, sai ka ga hamadar da ke kewaye da garin ta cika maƙil da motoci masu ɗaki, farare fat, iya ganinka, mutane dubu ɗaruruwa ke ratsa wajen a hunturu ɗaya, kuma in ka kalli kawunansu yawanci furfura ce. 'Yan fansho ne. Sun gudo wa ƙanƙarar Kanada da arewacin Amurka, shi ya sa ma ake musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, sanyi na sauka su yi kudu, zafi na dawowa su juya. Filin na gwamnatin tarayya ne, an yi shekaru da dama mutum na biyan dala 180 kacal ya kafa motarsa tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu, wata bakwai kenan, kuɗin da ko hayar sati ɗaya ba zai biya maka ba a manyan biranensu.

Toh mu a nan in an ce wane ya yi ritaya abin da ke zuwa mana a rai daban ne, ya koma gona ko ya buɗe ɗan shago, ya riƙe sahun farko a masallaci, sai kuma zaryar tantancewa da jiran giratuti. Saboda haka in Bahaushe ya ga hoton dattijo ɗan shekara 70 da matarsa suna shan shayi a bakin mota a tsakiyar daji abin da zai fara cewa shi ne, wai su waɗannan ba su da gida ne, ko 'ya'yan ne suka kore su? Ni kuma da na bi abin a hankali sai na ga ba hauka ba ne kuma ba gararamba ba ce, lissafi ne tsantsa, kuma lissafin duk a kan abu ɗaya yake tafiya, wato 'yan shekarun nan da ke tsakanin ranar da ka ajiye aiki da ranar da gwiwa za ta ce ta gaji.

Bari mu fara da kuɗi tunda shi ne man tafiyar. A Ostareliya tun 1992 doka ta tilasta wa duk mai ɗaukar ma'aikaci ya riƙa zuba masa wani kaso a asusun fansho, an fara da kashi 3 cikin 100, ana ta ƙarawa har ya kai 12 a 2025, mutum na iya fara taɓa kuɗin daga shekara 60, fanshon gwamnati kuma sai 67. A Amurka ana iya fara karɓar fanshon gwamnati daga 62 amma a rage, cikakken sai 67 ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, inshorar lafiyar tsofaffi kuma tana kamawa a 65. Mu ma fa tsarin muna da shi a takarda, dokar fansho ta 2004 da aka gyara a 2014 ta ce wurin aiki ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba 8, wato in a lissafin kaso ne ma mun fi su. Bambancin yana wajen darajar kuɗin da kuma tabbacin cewa ranar kaza alat zai shigo, don mutumin da ke tsakiyar daji ba zai iya barin mota ya tafi bin layi ba. Sannan ga babban abin da ba a cika faɗa ba, shi wancan tsohon ba kowa a wuyansa. Yara sun watse tun suna 'yan ashirin, ya gama biyan bashin gida, sai ya ba da gidan haya ko ya sayar ya sayi ƙarami, rarar ta zama mota. Namu kuwa a shekara 60 yana da auta a firamare, ga 'yan mata biyu da za a yi wa kayan ɗaki, ga marayun ƙaninsa, ina ya ga ta yawo.

Masu ba da shawara kan kuɗin fansho a can suna raba rayuwar bayan ritaya kashi uku, shekarun zirga-zirga, shekarun lallaɓawa, sai shekarun zama. Na farkon ne ake rububi, kuma bai da tsawo, in an yi sa'a shekara goma ko sha biyar. Kuma ba jiki kaɗai ke rufe ƙofar ba, takarda ma tana rufewa. A Ingila misali wanda ya ci jarabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 lasinsa ya ba shi damar jan mota har mai nauyin tan 7.5, amma yana cika 70 dole ya sabunta, kuma in yana son ya riƙe wannan damar sai likita ya duba shi, in ba haka ba ya dawo tan 3.5 kamar kowa. Inshorar tafiya ita ma kullum ƙara tsada take da shekaru, balle in akwai hawan jini ko suga ko an taɓa yin aikin zuciya. Shi ya sa za ka ji suna cewa a fara da mai wuya, wato a yi hamada da duwatsu tun da sauran ƙarfi, a bar yawon kan kwalta sai can gaba.

Daga nan ne zaɓen abin hawa ke fitowa, kuma kusan kashi uku ne.

Mota mai ɗaki ita ce ta yawancin mutane. A Amurka akwai masu girman bas ɗin luzuriyos, da falo da kicin da banɗaki, wasu ma bangonsu na buɗewa gefe in an tsaya ɗakin ya ƙara faɗi, har su ɗaura ƙaramar mota a baya suna ja saboda zuwa cefane. Galibinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, kuma a 2021 lokacin da korona ta sa kowa ke gudun otal da jirgi kamfanonin Amurka sun fitar da wajen 600,000 a shekara ɗaya, in an haɗa da ɗakunan da ake ja da mota. Na Turai ƙanana ne saboda titunansu matsattsu ne kuma mai da tsada, mafi yawa a kan ƙashin Fiat Ducato ake gina su, duk ƙarshen watan Agusta kuma ana baje kolinsu a Düsseldorf ta Jamus. Toh amma abin da hoto ba ya nuna maka shi ne sikeli. Lasin gama-gari a Turai iyakarsa kilo 3,500, a ce motar kanta babu komai ciki ta kai 3,000, kaga saura 500 kenan, a ciki za ka cire nauyinka da na uwargida, ruwa lita 100 kilo 100 ne cif, ga tukwanen gas, ga batir da sola, ga kekuna biyu a baya, ga abinci da tukwane da kujeru, kafin ka ankara ka yi lodin da ya wuce ƙa'ida, in 'yan sanda suka hau da kai sikeli ga tara, in hatsari ya faru kuma kamfanin inshora ya samu hanyar zillewa. Wallahi akwai masu auna cokula.

Sai maganar da kowa ke kauce wa, banɗaki. Masan motar wani ɗan tanki ne da bai wuce lita 20 ba, ana zaro shi ta gefe kamar akwati, duk bayan kwana biyu ko uku sai an je an juye an wanke. Tsohon darakta ne ko tsohon farfesa, da safe za ka gan shi yana jan akwatin kashinsa zuwa wajen zubarwa, babu yaron gida babu ɗan aike. Rayuwar gaba ɗaya a kan tambaya huɗu take juyawa, ina zan samu ruwa, ina zan zubar da datti, batir zai kai safe, yau a ina zan kwana ba a kore ni ba. Faransa da Jamus sun tanadi wuraren tsayawa a dubban garuruwa da famfo da wajen juye tankin, wasu kyauta wasu da 'yan canji, don sun gane tsohon da ya kwana a garinsu zai sayi burodi da safe. Fotugal kuwa da abin ya ishe ta, motoci sun cika bakin teku ana ɓata waje, sai ta tsananta dokar kwana a mota a farkon 2021.

Kashi na biyu su ne masu jif, waɗanda kwalta ba ta burge su. A nan Ostareliya ce hedikwata. Can ana ce musu makiyaya masu furfura, kuma sunan ya dace don da yanayi suke tafiya kamar masu bin ciyawa, wajen watan Mayu in sanyi ya fara a Melbourne da Adelaide sai su nausa arewa inda rani ya shigo hanyoyi sun bushe, su Broome da Darwin da arewacin Queensland, kafin damina ta dawo wajen Nuwamba sun sauko. Burin kowa shi ne ya yi babban zagaye, ya bi babbar hanya mai lamba 1 da ta kewaye ƙasar, wajen kilomita 14,500. Yi lissafi da kanka, a ce Land Cruiser tana jan ɗaki tana shan lita 20 a kilomita 100, lita 2,900 kenan na gas, ban da ratse, kuma ai ratsen ne tafiyar. A filin Nullarbor akwai inda za ka yi kilomita 146 ba kwana ko ɗaya, miƙe sambal, abokin gabarka a nan barci ne. Masu ƙarfin hali su shiga Gibb River Road, burji ce ta wajen kilomita 660 a yankin Kimberley, da ƙetare rafuka da gargada mai kwance duk wani noti da ke jikin mota. Waɗanda suka fi su taurin kai kuma sai Canning Stock Route, tsohuwar hanyar shanu ce ta wajen kilomita 1,850 da rijiyoyi 51 a jere, kwanaki ake yi ba a ga gari ba.

Ilimin wannan tafiyar duk direban da ya taɓa bin Agadas zuwa Dirku ya san shi ba sai an koya masa ba. In za ka shiga rairayi ka rage iskar taya don ta baje ta hau kan yashi, in ka fito kan dutse ka mayar, ka tafi da safaya biyu da shebur da jarkokin ruwa fiye da yadda kake zato, ka tashi da asuba lokacin da yashi ke da sanyi da ƙarfi, in mota ta lalace kar ka kuskura ka bar ta ka kama tafiya a ƙasa. Bambancin kawai shi ɗan Ostareliya yana da wayar satalayit, kuma akwai likitocin jirgin sama da aka kafa tun 1928 da za su iya sauka su ɗauke shi in zuciya ta buga a daji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 68, ni a ganina ma shi ne ya sa abin ya zama na kowa da kowa a can ba na 'yan ganganci kaɗai ba.

In ana maganar jif dole a ambaci Gunther Holtorf, Bajamushe, tsohon ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Lufthansa. Ya ajiye aiki yana ɗan hamsin da kaɗan, wajen 1989 ya ɗauki Mercedes 300 GD da suka sa wa suna Otto da niyyar yin wata 18 a Afirka. Wata 18 ɗin nan sai da ta zama shekara 26. Shi da matarsa Christine suka cire kujerun baya suka yi gado, kayan gyara a saman rufi, girki a kan ɗan risho, ba otal ba gidan abinci, motar ta ratsa ƙasashe da yankuna 215, kusan kilomita 900,000 da injin ɗin da motar ta zo da shi. Sirrinsa ba wani abin mamaki ba ne, ba ya gudu, da wuya ya wuce 80, kuma yana canza abu kafin ya lalace ba bayan ya lalace ba. Christine ta rasu a 2010 da ciwon daji, shi ya ci gaba har ya ƙarasa a Barlin a 2014 yana da shekara 77, motar kuma kamfanin Mercedes ya karɓe ta ya kai gidan tarihinsa a Stuttgart. Abin da na ɗauka a labarinsa shi ne motar ba ta da wani kwamfuta a jiki, duk bakaniken da ya san injin gas zai iya buɗe ta a gindin bishiya. Sabbin jif na yanzu kuwa da na'urorin tace hayaƙi, in ka zuba musu gas mai datti ko wani ɗan sensa ya mutu sai su ƙi tafiya, kai da bakanike ku tsaya kuna kallon juna. Shi ya sa har yau tsohuwar Land Cruiser samfurin 70 take tsada kamar gwal a wajen masu wannan harka.

Na ukun su ne 'yan babur, kuma a gaskiya su ne suka fi ba ni dariya da tausayi a haɗe. Mutum ya yi shekara 35 a ofis yana mafarki, ranar da kuɗi suka shigo sai ya je ya sayi BMW GS Adventure, mashin mai tankin lita 30 da nauyin kusan kilo 270 tun kafin a ɗora akwatuna, wato ya ninka Boxer ɗin 'yan acaba har da ɗori. A kan kwalta kam sarki ne. Amma ranar da ya faɗi a yashi ko a taɓo, kuma sai ya faɗi, sai a ga wa zai ɗaga, ga zafi ga ciwon baya ga ba kowa. Da yawansu bayan tafiyar farko suke sayar da shi su koma ƙaramin mashin mai cc 300 ko 400 da mutum ɗaya zai iya tayarwa. Wani marubuci ɗan Ingila, Simon Gandolfi, yana da shekara 73 ya sayi Honda 125 a Meziko, irin na masu kai saƙo, ya gangara da shi har ƙarshen Ajantina. Ted Simon kuma wanda ya zagaya duniya a kan Triumph daga 1973 zuwa 1977, ya sake ɗaura ɗamara a 2001 yana bakin 70 ya maimaita. A Ostareliya har ƙungiya gare su mai suna Ulysses tun 1983, ba a shiga sai an kai 40, takensu kuma ma'anarsa kusan a tsufa ba kunya. Sai dai fa ƙashin ɗan 65 ba ya ɗinkewa kamar na ɗan 25, faɗuwar da yaro zai tashi ya karkaɗe wando ita ce za ta kwantar da dattijo wata uku.

Yanzu ga abin da ya fi hamada wuya, takardu. Kai kana da fasfo, toh motar ma tana da nata, sunansa Carnet de Passages en Douane, a taƙaice karne. Littafi ne na shekara ɗaya da ƙungiyoyin masu motoci ke bayarwa, irin su ADAC a Jamus, kowane shafi kwastan za su yage ɓangare ɗaya in ka shiga, su yage ɗaya in ka fita, su buga hatimi a abin da ya rage. Kafin a ba ka sai ka ajiye jingina mai kauri, don in ka shiga ƙasa da mota ba ka fita da ita ba, daga kuɗin nan za a biya harajin. Ƙasashe irin su Iran da Pakistan da Indiya ba ka shiga da motarka sai da shi. Sin kuwa sai ka ɗauki ɗan rakiya na hukuma da lasin wucin gadi, shi ya sa matafiya ke haɗa kuɗi su ratsa a ayari. A Afirka ta Yamma ga katin rigakafin shawara, ga inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa. Wanda ya ɗauki hanyar Alaska zuwa Ushuaia da ke ƙarshen Ajantina kuma, wajen kilomita 30,000, yana isa Panama titi zai ƙare masa, dajin Darién ne tsakaninsa da Kolombiya, ba hanya sam, dole a sa motar a kwantena ko jirgin ruwa daga Colón zuwa Cartagena shi ya bi ta sama.

Hatta kwanakin zama lissafi ne. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, daga Janairun 2021 ɗan Ingila kwana 90 kawai yake da su cikin kowane 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe bodar tsakaninsu, saboda haka wanda ya saba yin hunturu gaba ɗaya a Sifen yanzu sai ya yi wata uku ya tsallaka ta Algeciras zuwa Tanja ya ƙarasa a Maroko, inda dama can Faransawa da Jamusawa 'yan fansho suka daɗe da mayar da bakin tekun Agadir unguwarsu. Ɗan Kanada na jihar Ontario kuma sai ya yi kwana 153 a gida cikin shekara in yana son inshorar lafiyarsa ta ci gaba da aiki, ita ma ta tsofaffin Amurka galibi ba ta bin mutum ƙetare. Waɗanda suka sayar da gida gaba ɗaya a Amurka suna da wata matsalar, ba adireshi ba lasin ba rajistar mota ba zaɓe, sai su yi rajista a Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu inda babu harajin albashi na jiha, wani kamfani ya riƙa karɓar musu wasiƙu yana turawa.

Wannan maganar karne ai mu ta shafe mu kai tsaye, don irin abin da ake yin sa dominsa, wato a shigo da mota a sayar, ya faru a ƙofar gidanmu ma. A shekarun 1970 da 1980 hanyar da Turawa ke bi su ratsa Sahara ita ce Aljas babban birnin Aljeriya, Ghardaïa, In Salah, Tamanrasset, In Guezzam, Asamaka, Arlit, Agadas, daga nan Damagaram har Kano, inda da yawa ke sauka a Tourist Camp ta titin Bompai su huta su yi gyara. Wasu yawon ne ya kawo su, wasu kuma tsohuwar Peugeot 504 suke korowa daga Faransa su sayar a Nijar su sayi tikitin jirgi da kuɗin. Tseren Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 shi ma yakan bi ta Agadas, garin ya ci kasuwa sosai, masu rakiya da maƙeran azurfa da masu masauki duk sun samu. Sai abubuwa suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya, tawayen Abzinawa da yaƙin basasar Aljeriya a shekarun 1990, sace Turawa 32 a hamadar Aljeriya a 2003, kashe Faransawa huɗu a Muritaniya a ƙarshen 2007 wanda ya sa aka soke tseren 2008 aka ɗauke shi daga Afirka gaba ɗaya, sannan sace ma'aikata a Arlit a 2010. Ɗan fansho kuwa shi ne matafiyin da ya fi kowa jin gargaɗi, don gwamnatinsa na cewa kar a je waje inshorarsa ta daina aiki a wajen. Yanzu duk sun koma hanyar bakin teku, Tanja, Agadir, Dakhla, bodar Guerguerat, Nouadhibou, Nuwakshot, a tsallaka kogi a shiga Senegal, kwalta ce kusan duka, alhali a da tsakanin Nouadhibou da Nuwakshot sai an jira teku ta janye a bi ta kan yashin gaɓa. Ita ce hanyar da Kunle Adeyanju ya biyo da babur daga Landan zuwa Legas a 2022 cikin kimanin kwana 40.

Kuma kar a ce abin na Turawa ne kaɗai. Newton Jibunoh, injiniya ɗan jihar Delta, ya ratsa Sahara da mota shi kaɗai tun yana saurayi a shekarun 1960, ya sake bayan ya haura 60, ya kuma yi na uku a 2008 yana da shekara 70, kuma abin da ya gani na yadda hamada ke cin ƙasa ne ya sa ya kafa ƙungiyar yaƙi da kwararowar hamada. In aka koma baya ma kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya suna tsayawa su yi noma su tara guzuri su ƙara gaba, da yawansu kuma ba yara ba ne. Niyyar ce ta bambanta, amma tsoho a kan doguwar hanya ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Sai dai a filin Quartzsite ɗin nan ba kowa ne ya zo don nishaɗi ba. Kusa da bas ɗin da ta kai kuɗin gida za ka ga tsohuwar hayis da aka toshe tagoginta da kwali, mai ita tsohuwa ce da fanshonta bai isa haya ba, ko wanda ya rasa gidansa a rikicin bashin gidaje na 2008. Irinsu ne ke bin aikin lokaci-lokaci, gadin sansanin shaƙatawa da bazara, girbin gwozar sukari da kaka, ɗaukar kaya a manyan sito kafin Kirsimeti, mutum na da shekara 68 yana tsaye awa goma. Daga nesa duk motoci ne farare a hamada, sai ka matso za ka gane wa ya zaɓa wa aka zaɓa masa.

Ko ga masu halin ma akwai abin da ba a sakawa a Facebook. Miji da mata da suka yi shekara 40 kowa na fita aikinsa da safe, yanzu an haɗa su a ɗakin da bai kai shagon mai caji biyu ba, dare da rana, shi yana tuƙi ita tana karanta taswira, in za a yi ribas a shiga wajen kwana kuwa sai ka ji kamar auren zai mutu a wajen. Ga kewar jikoki, ga neman magani a garin da ba ka san kowa ba, ga motar da kullum darajarta sauka take yayin da gidan da ka sayar yake hawa, wanda ya sayar da gida ya yi shekara goma a hanya sau da yawa in ya dawo kuɗin hannunsa ba za su sake saya masa irinsa ba. Kuma yawanci mutum ɗaya ne ke iya jan babbar motar, ranar da ya kwanta ciwo ɗayan ya rasa yadda zai yi da ita.

A garin Livingston na jihar Texas, ƙungiyar Escapees da wasu ma'aurata Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978 ta buɗe wani waje saboda irin wannan ranar. Wanda ido ya raunana ko aka yi wa aiki ko ƙafa ta ƙi, sai ya kawo motarsa ya kafa a filin, a haɗa masa wuta da ruwa, a riƙa dafa masa abinci a babban zaure, a yi masa wanki, a kai shi asibiti in yana da ganin likita, akwai masu juye masa tankin banɗakin ma. Da daddare kuma ya koma ya kwanta a gadonsa na cikin mota, tayoyin na nan da iskarsu, sitiyarin na nan a gaba, wasu sukan warke su tayar su kama hanya, wasu kuma a nan ake zuwa a ja motar.